Fentin cikin bututun shan iska na ƙananan jiragen ado

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu sha'awar harhaɗa ƙananan jiragen sama na ado, musamman masu aiki da ma'aunin 1/48 da 1/32 (inda ake rage girman jirgin gaske sau 48 ko sau 32), kan wani wuri da ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi, wato cikin bututun da injin jet ke shaƙar iska.

Bututun da ke zuwa a kwali tare da sauran sassan jirgin yawanci ɓari biyu ne na roba, idan an manne su sai mahaɗar ta fito a can ciki inda yatsa ba ya kaiwa. Shi ya sa masu son aiki ya yi tsaf suke sayen na rezin (wani irin roba mai tauri da ake zubawa a mazubi), wanda aka zuba shi ɗungurungum babu mahaɗa. Sai dai rezin kan fito daga mazubinsa da maiƙo, kuma muddin ba a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu an bar shi ya bushe sarai ba, fenti ba zai kama ba. Wajen goge shi kuwa, a jiƙa sanfefa a sa takunkumi, domin ƙurarsa tana cutar da huhu.

A jiragen yaƙi irin su F-4 Phantom da F-15 da F-16 cikin bututun fari ne, kuma farin fenti ya fi kowane wuyar rufe jiki. Wanda ya cusa bakin na'urar feshi cikin wannan ƙuntataccen rami mai lanƙwasa zai tarar iska tana juyawa a ciki, fentin yana bushewa tun bai sauka ba, sai wurin ya yi kaushi kamar an watsa masa yashi. Idan kuma ya ƙara ruwan fentin, sai ya taru a gwiwar bututun.

A ganina hanyar zubawa ta fi. A toshe ƙarshen da ke wajen injin da salatef, a tsayar da bututun, a cika shi da farin fenti mai ɗan kauri irin wanda ake damawa da ruwa, a jira 'yan mintoci, sannan a cire salatef ɗin fentin ya tsiyaye da kansa. A riƙa jujjuya shi a hankali, ana ɗauke ɗigon da ke taruwa a baki da ɗan auduga, a bar shi kwana ɗaya ko biyu ba a taɓa ba. Dabarar tana da nata aibi, domin fenti mai kauri yana binne ƙananan zane, yana kuma rage faɗin ramin, don haka sai an kankare bakin da ke wajen injin kafin fankar injin ta zauna. A ma'aunin 1/72, inda ido ba ya shiga da nisa, feshi ma ya wadatar.

A F-16 launin toka na jikin jirgin yana ɗan shiga ciki kafin fari ya fara, saboda haka a cusa guntun soso daidai iyakar kafin a fesa tokar. Ita kuma fanka a yi mata fentin ƙarfe mai duhu daban, a manne ta a ƙarshe da farin gam, saboda gam ɗin haɗa roba ba ya kama rezin, tururin sufa-gulu kuwa yana barin farin tabo a kan fenti mai duhu.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku