Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Hanyoyin Sadarwarmu da Kayan Aikin da Muka Yi Tarayya a Kansu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwa mambobi, maza da mata, ga rahoton kwamitin zartarwa kan abin da aka gudanar a shekarar 2025, kamar yadda tsarin mulkin ƙungiya ya tanada. Lissafin kuɗi yana hannun Ma'aji, zai gabatar da shi daban a babban taro, don haka ba za ku ga shiga da fita a nan ba. Babban taron bara ya ɗora mana nauyi biyu: mu gyara yadda muke magana da juna, sannan mu tara kayan aikin da kowane mai rubuta buɗaɗɗiyar manhaja (wadda kowa ke da izinin ganin rubutunta, ya gyara, ya raba) a cikinmu yake wahalar nema shi kaɗai.

Maganar guruf-guruf

Mun shigo shekara muna warwatse. Akwai guruf ɗin WhatsApp, akwai na Telegram, akwai Slack da aka buɗe da zumuɗi aka watsar, ga kuma ma'ajiyar ayyukanmu a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja, wadda kusan babu mai magana a cikinta.

Kowa ya san yadda abin yake tafiya. Aiki ya ƙi tashi a hannun wani da tsakar dare. Sai ya ɗauki waya ya ɗauki hoton fuskar kwamfutarsa, hasken fitila ya cinye rabin rubutun, layin da ke ɗauke da ainihin kuskuren kuma ya faɗa wajen hoton. Da safe wani daga cikin manyanmu, yana cikin adaidaita sahu, ya amsa da saƙon murya mai tsawo, ƙarar hon na ratsa bayanin. Allah cikin ikonsa matsalar ta warware, aka yi godiya, aka wuce. Bayan wata biyu sabon mamba ya zo da tambayar nan sak. Ba a iya binciko kalma a cikin saƙon murya, shi kuma wanda ya shigo yau ba ya ganin hirar watannin baya. Sai a sake damun mutumin nan dai, har ya gaji ya daina amsawa. Wasu daga cikin ƙwararrunmu da suka yi shiru ba fushi suka yi ba, maimaita magana ce ta ishe su.

Akwai kuma koken da 'yan uwa mata suka kawo, kuma kwamiti ya ɗauke shi da muhimmanci: a WhatsApp lambar kowa a fili take ga duk wanda ke guruf, wasu kuma suna bin ta bayan fage da saƙonnin da ba na aiki ba. An yi gargaɗi, an cire wanda bai ji ba.

Slack mun rufe shi. Tun watan Satumban 2022 tsarinsu na kyauta ba ya nuna saƙon da ya wuce kwana 90, na biya kuma da dala ake lissafa shi kan kowane mutum. Ba mu kaɗai muka taɓa gina rumfa a filin wani ba. A watan Mayun 2021, da rikicin mallaka ya ɓarke a dandalin hira na Freenode, inda manyan ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja suka shekara da shekaru suna hira, ma'aikatan sa-kai suka fice suka kafa Libera.Chat, ayyuka da dama suka bi su cikin 'yan kwanaki. Mu nan gida muna da namu darasin: an dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma a Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya.

Saboda haka kwamiti ya kafa ƙa'ida guda, wadda a ganinmu ita ce babban aikin shekarar nan: duk shawarar da ba a rubuta a ma'ajiya ba, ba a yanke ta ba. A yi hira a duk inda aka ga dama, amma idan magana ta kai ga matsaya, wanda ya tayar da ita zai buɗe mata shafi a sashen matsaloli na ma'ajiyar aikin, ya rubuta abin da ya faru, abin da aka gwada, da abin da ya yi magani. Saƙon kuskure a kwafo shi a matsayin rubutu, ba hoto ba. Da farko an yi ta gunaguni, har wani ya ce mun mayar da ƙungiya ofishin gwamnati. Zuwa bayan babbar Sallah an saba, yanzu idan tsohuwar tambaya ta dawo, adireshin shafin kawai ake turawa.

Mun kuma buɗe ɗakin hira a Matrix, wanda shi ma buɗaɗɗen tsari ne, Mozilla ma can ta koma a 2020 ta rufe tsohon dandalin hirarta na IRC. An haɗa shi da guruf ɗin Telegram ta gada, yadda saƙon da aka rubuta a ɗaya zai fito a ɗayan. Gaskiyar magana, bai karɓu yadda muka so ba. Maganar tantance makullan sirri tana ruɗa sabbin shiga, masu ƙananan wayoyi suna kukan nauyi, gadar kuma takan tsinke ba a lura ba sai an ga ɗakin ya yi tsit. Yawancin hirar fasaha a Telegram take. WhatsApp mun bar shi ga sanarwa, gaisuwa, ɗaurin aure da ta'aziyya, kuma ba mu ga dalilin yaƙi da shi ba.

An yarda a rubuta matsala da Hausa. Turanci sai idan za a miƙa ta ga masu ainihin manhajar a waje. Wannan ya buɗe bakin 'yan uwanmu na Maradi da Damagaram, waɗanda Faransanci suka yi karatu da shi, da can kuma suna karanta hirarmu ba sa sa baki.

Taron wata-wata ya koma Jitsi Meet, manhajar taro ta intanet, kyamara a kashe don tsimin data, mutum ɗaya yana rubuta abin da ake faɗa a Etherpad kowa yana gani, a ƙarshe a ɗora rubutun a ma'ajiya. An ɗauke taron daga bayan Isha'i zuwa hantsin Asabar bisa roƙon mata da masu iyali, halarta kuma ta ƙaru. A watan azumi an ɗaga shi.

Rumbu

A watan Janairu hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Ga ɗalibin da ke koyon aiki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Faifan girka Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, shi kaɗai ya kusa gigabait 6, kuma duk wanda ya taɓa fara sabon aiki da npm, mai sauko da kunshin manhajar JavaScript, ya san yadda data ke zurarewa kafin ya rubuta layi ɗaya.

Abin da muka yi shi ne Rumbu. Tsohuwar kwamfutar tebur ce da wani mamba ya ba da kyauta, tana zaune a ɗakin da wani ya ara mana, a kan batir da ƙaramar sola, domin ba mu manta da duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024 ba. An girka mata apt-cacher-ng don kayan Debian da Ubuntu, devpi don na Python, Verdaccio don na npm. Aikinsu iri ɗaya ne: mutum na farko da ya nemi wani kunshi, Rumbu zai sauko da shi daga intanet ya ba shi, ya kuma ajiye kwafi. Na biyu da na goma daga ajiyar za su ɗauka ta Wi-Fi na cikin ɗaki, ba a taɓa data ba. An kuma sa Kiwix, ana karanta Wikipedia ta Hausa da littattafan bayanin harsunan rubuta manhaja ko babu intanet.

Amfaninsa ya fito sosai a watan Oktoba. Ranar 14 ga wata Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, yawancin kwamfutocin hannu da ake saya a kasuwanninmu kuma ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, musamman na guntun tsaro TPM 2.0. Mutane suka riƙa zuwa da kwamfutocinsu, har da waɗanda ba mambobi ba, ana girka musu Debian 13, wanda ya fito a watan Agusta, ko Linux Mint ga wanda ya saba da fuskar Windows. Mun dage a kan abu ɗaya: duk faifan girki da za a kwafa a filasha, sai an gwada lambar SHA256 ɗinsa, mai nuna ko an taɓa fayil, da wadda masu shi suka wallafa. Filasha tana yawo hannu zuwa hannu, ba a san abin da ta kwaso ba.

Rumbu yana da rauni uku. Zafin Afrilu ya sa yana mutuwa da rana tsaka, ƙurar hunturu kuma ta toshe fankarsa har sai da aka kwance aka hure. Na biyu ya fi tsanani: faifan ajiyarsa ɗaya ne tak. Idan ya lalace, kunshin manhajoji za a iya sake saukewa, amma kuɗin datar da aka tara su da shi ya tafi. Sannan amfaninsa ga wanda zai iya zuwa ɗakin ne kawai. Na nesa sai dai a aika musu a filasha ta hannun direban mota.

Fassara

Aikin mayar da manhajoji Hausa ya koma Weblate, dandalin fassarar manhaja, inda aka tara kundin kalmomi guda da kowane mai fassara ke gani a gefen allonsa. Kafin haka kowa da nasa, manhaja ɗaya sai a tarar da maɓalli ɗaya da suna uku.

Wata matsala ta ci mana lokaci, ya kamata a rubuta ta don na baya. A fayil ɗin rubutun manhajar Android, alamar ɗauri da muke sawa a 'yan, 'ya'ya da ma'ana tana da wani aiki na daban a wurin na'ura. Idan ba a sa mata karkatacciyar sanda (\) a gaba ba, ginin manhajar gaba ɗaya sai ya tsaya. Mai fassara bai san ya yi ɓarna ba, mai gini kuma yana can yana neman laifin a wani wuri. Yanzu akwai ɗan gwaji da ke duba wannan kafin a karɓi kowace fassara. Gwajin yana kuma nuna wasu kalmomin da aka saba rubuta su da k, d ko b a gurbin ƙ, ɗ da ɓ, domin har yanzu wasu da allon Turanci suke bugawa. An sa bayanin yadda ake girka allon Hausa na Keyman a shafin farko na ma'ajiya. Game da bambancin rubutu, Nijar na amfani da ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Ba mu tilasta ɗaya ba, kowane aiki ya zaɓi nasa ya tsaya a kai.

Wasu mambobi sun ba da muryoyinsu ga sashen Hausa na Common Voice na Mozilla, shirin tara muryoyi don na'ura ta koyi gane magana. Muna roƙon ƙarin muryoyin mata da na masu karin harshen Sakkwato, Katsina da Nijar.

Tsaro da lasisi

An ƙwace wayar ɗaya daga cikin masu kula da ma'ajiya a kan hanyarsa ta komawa gida, Allah ya tsare bai ji rauni ba. Tun 2023 GitHub ke tilasta wa masu ɗora aiki tantancewa mai mataki biyu, tasa kuma a cikin wayar take, lambobin ceto ma a cikinta ya adana. Da a ce shi kaɗai ne mai iko, da mun shiga uku. Yanzu kowace ma'ajiya tana da masu iko aƙalla biyu, lambobin ceto kuma a takarda, a gida.

Haka nan ba a haɗe gyaran kowa sai wani ya duba, komai girmansa a ƙungiya. Abin da ya faru da xz, manhajar matse fayil, a watan Maris na 2024 ya isa misali: mai kula da manhajar ya yi shekaru yana ɗauke da ita kusan shi kaɗai, wani ya lallaɓo da sunan taimako har ya samu amana, ya dasa ƙofar baya a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Wani injiniya, Andres Freund, ne ya gano, saboda ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta SSH ta ɗan yi jinkiri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da muka bi ayyukan mambobi, mun tarar da yawa ba su da fayil ɗin lasisi. Aikin da babu lasisi, ko yana fili kowa na gani, a doka ba a ba kowa izinin ɗauka ya gyara ya raba ba. An taimaka wa masu su sun zaɓa tsakanin MIT, Apache 2.0 da GPL, saura kaɗan ba su amsa ba.

Abin da bai samu ba

Shirin raka masu neman shiga Google Summer of Code da Outreachy, shirye-shiryen koyon aikin buɗaɗɗiyar manhaja a hannun jagora, bai tashi ba, don an rasa masu jagora da za su tsaya tun kafin a buɗe rajista. Mu tuna cewa tun 2022 shirin na Google ba na ɗalibai kaɗai ba ne. A Hacktoberfest, gangamin ba da gudummawa ga buɗaɗɗun manhajoji na watan Oktoba, an samu shiga, sai dai gyare-gyaren waƙafi da aya sun fi na aiki yawa, masu dubawa kuma sun sha wahala.

Akwai kuma saɓanin da kwamiti bai warware ba. Wasu na ganin bai dace ƙungiyar buɗaɗɗiyar manhaja ta jingina komai ga GitHub ba, wanda Microsoft ta saya a 2018 kan dala biliyan 7.5, suna so a koma Codeberg, na wata ƙungiyar sa-kai da ke Berlin. Wasu kuma sun ce matasanmu a GitHub masu ɗaukar aiki ke ganinsu, a bar su a can. Shawarar da za mu kawo ita ce a zauna a GitHub, a riƙa ajiye kwafin kowace ma'ajiya a Codeberg, tare da sanin cewa kwafin git ba ya ɗauko shafukan matsaloli, su sai an yi musu tanadi daban.

Babban taro zai kaɗa ƙuri'a a kan wannan, da sayen faifai na biyu da fanka don Rumbu, da ko a ci gaba da ɗakin Matrix ko a rufe shi. Ana kuma neman mutum biyu da za su karɓi kula da Rumbu, domin mai yi yanzu zai tafi bautar ƙasa. Mai sha'awa ya rubuta sunansa a shafin da aka buɗe a ma'ajiya kafin ranar taro.

Wassalamu alaikum.

Sakatare,
a madadin Kwamitin Zartarwa