Yarinyar da ta ce ba ta jin zafi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni malama ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata a nan Jos. A zangon da ya wuce na lura da wata ɗaliba da ba ta naɗe hannun riga a gaban mutane, ko alwala sai ta raɓe gefe. Da ta saki jiki da ni, na ga tabo birjik a hannunta, kuma ita ke ji wa kanta. Na ce, "Ba ya miki zafi?" Ta ce, "Malama, a lokacin ba na jin komai. Abin da ya tokare min ƙirji ne yake sauka."

Mahaifiyarta ta ce iskokai ne, don a ganinta mai lafiya ba zai yi haka bai yi kuka ba. Ban ga laifinta ba, amma abin yana da bayani. Binciken likitoci ya nuna da yawa daga masu wannan hali sun fi sauran mutane jure zafi. Idan jiki ya ji ciwo, yakan saki wani sinadari mai suna indofin, ya dushe raɗaɗin, ya kawo 'yar natsuwa. Da zafin ya lafa, sai baƙin cikin ma ya ɗan sassauta. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta manta abin da ya kawo mata sauƙi, gobe idan rai ya ɓaci can za ta koma. Abin da ya fi tayar min da hankali, wanda ya saba da ciwo tsoronsa kan ragu, shi ya sa likitoci ke cewa irin waɗannan yara sun fi fuskantar haɗarin kashe kai, ko da ba da wannan niyya suka fara ba.

To ina amfanin bulala ga yarinyar da zafi ba ya ba ta tsoro? Kunya kawai za a ƙara mata, ta ƙara ɓoyewa.

Addu'a muna yi, amma mu haɗa da asibiti. Tun Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen masu duba irin wannan. Ina roƙonku ku ba likitocinsu fili su yi wa iyaye bayani da Hausa. Ɗalibata dai yanzu tana ganin likita, mahaifiyarta ce ma ke raka ta.

Wassalam,
Wata malamar makaranta, Anguwan Rogo, Jos