Karatu Daga Nesa: A Gina Shi A Kan Wayar Da Ke Hannun Ɗalibinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ɗan ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana a kan karatu daga nesa, wanda yanzu aka fi sani da karatu ta intanet. Mu malamai ne masu hulɗa da irin waɗannan ɗalibai. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yawan masu shiga da zumuɗi, su biya kuɗin da suka tara da gumin goshi, amma kafin zango na biyu ya ƙare sun watsar. Galibinsu masu ƙwazo ne: malaman firamare, ma'aikatan jinya, 'yan sanda, 'yan kasuwa, da matan aure waɗanda hidimar gida ba za ta bar su su koma zaman jami'a ba. Abubuwan da ke kayar da su sanannu ne, kuma kusan dukkansu suna da magani.

Kai ilimi inda mai nema yake ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta yi shi tun ƙarni na 19, lokacin da take koya wa jajis, wato mata jagororin koyarwa, waƙoƙin karantarwa, su kuma su kai wa mata ɗalibanta da ake kira 'Yan Taru a ƙauyuka. A zamaninmu, Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta daɗe tana horar da malamai suna kan aikinsu, da littattafai a hannu da haɗuwar ƙarshen mako. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a mulkin Obasanjo. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da nata sashen karatu daga nesa a Zariya. A 2022, yayin da jami'o'in gwamnati suka yi wata takwas a rufe saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, ɗaliban NOUN karatunsu suke yi. Hanya ce mai ɓullewa, shi ya sa yake mana ciwo mu ga ana faɗuwa a kanta saboda abin da bai taka kara ya karya ba.

Bari mu fara da laifinmu, mu masu koyarwa. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka karatu ta intanet shi ne a ɗauko aji yadda yake a zuba shi a Zoom: malami ya kunna kyamara ya yi awa biyu yana bayani, wanda ya samu shiga ya samu. Wannan tsari an yi shi ne don mai kwamfuta da wutar da ba ta ɗaukewa. Ɗalibinmu kuwa ƙaramar Android ce a hannunsa, allonta ya tsage, data kuma ta kwana ɗaya yake saye. Awa ɗaya ta darasin bidiyo kai tsaye tana cin rabin gigabait zuwa gigabait ɗaya, wani lokaci har fiye. Wannan awar, in murya ce kaɗai aka kashe kyamara, da wuya ta wuce megabait 40. Saƙon murya na minti 15 a WhatsApp kuwa megabait biyu zuwa uku ne. Mai kwas takwas, in kowane kwas zai yi masa awa ɗaya ta bidiyo a mako, ya doshi gigabait 20 zuwa 30 a wata, alhali a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Ina malamin firamare zai samo wannan?

Ga kuma caji. Bidiyo kai tsaye yana zuƙe batir, waya ta yi zafi a hannu, musamman inda sabis ba shi da ƙarfi, domin a nan take ƙara wahalar neman turken sadarwa. Fawa bankin da aka rubuta masa 10,000 a jiki ba ya cika wayar mai batir 5,000 sau biyu kamar yadda mai saye yake zato. Kusan kashi ɗaya cikin uku yana salwanta wajen juya wutar, sai ya cika ta sau ɗaya da ɗan ɗori. Wani lokaci ma sabis ɗin ne babu gaba ɗaya. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, aka yi makonni a haka. Ɗalibin da duk karatunsa ya rataya a kan shiga kai tsaye, nan take ya yanke. Wanda ya riga ya sauke littattafansa a waya ya ci gaba da bita.

Saboda haka ginshiƙin darasi ya zama rubutu da murya, waɗanda za a sauke sau ɗaya a yi ta amfani da su ba tare da data ba. Shi rubutun ma akwai yadda ake yin sa. Abin da muka fi gani shi ne malami ya ɗauki hoton shafukan tsohon littafinsa da waya, ya haɗa su ya tura. Fayil ɗin ya yi nauyi, ya kai megabait 50 ko fiye, shafuka a karkace, inuwar hannu ta rufe rabin layi, ɗalibi yana ta ja da yatsu biyu yana matsawa dama da hagu har idonsa ya yi ruwa. Ba ya kuma iya neman kalma a ciki, tunda hoto ne. In da an buga shi da kwamfuta, da manyan baƙaƙe, layi ɗaya daga sama har ƙasa ba a raba shafi gida biyu ba, littafi sukutum ba zai wuce megabait uku ba, kuma zai karantu a ƙaramin allo. Bayanin murya kada ya haura minti 15, kowane ɗaya a kan mas'ala guda, a sa masa suna mai ma'ana da lambar darasi, domin wanda ya tara saƙonni 60 marasa suna ba zai taɓa gano wanda yake nema ba daren jarrabawa. Bidiyo a bar shi ga abin da dole sai ido ya gani, kamar warware lissafi mataki-mataki ko yadda ake auna hawan jini, shi ma gajere. Haɗuwa kai tsaye sau ɗaya a mako ta isa, ta tambaya da amsa, a naɗe ta a tura wa wanda bai samu shiga ba. Wa'adin miƙa aiki kuma a ba shi kwanaki, kada a ce daga ƙarfe takwas zuwa tara na dare, domin wannan awar ce sabis ya fi cunkushewa.

Muna kuma ganin babu aibi malami ya ƙara ɗan bayanin minti biyar da Hausa a kan wurin da ya fi wuya, ko da jarrabawar da Turanci za a yi ta. Wanda ya fahimci ma'ana da harshensa ya fi saurin riƙe kalmar Turancin.

Sai ɓangaren ɗalibai, kuma nan ne aka fi yin asara. Matsalar tana farawa tun ranar rajista. Mutum ya je shagon intanet, ya miƙa takardunsa, ya zauna a benci yana jira. Yaron shago ya buɗe masa shafi da imel ɗin shagon, da lambar wayar shagon, ya zaɓa masa lambar sirri, ya ba shi takarda ɗaya ya ce an gama. Daga ranar duk sanarwar makaranta shagon take zuwa. Ran da yaron ya bar aiki ko aka rufe shagon, ɗalibi ya rasa ƙofar shiga karatunsa. Kowa ya buɗe imel nasa na kansa kafin ya nemi gurbi, ya sa lambar wayar da ke aljihunsa, ya rubuta lambar sirri a littafi ya adana a gida. Ya kuma duba sunansa harafi bayan harafi, ya dace da na takardar sakandare da na katin ɗan ƙasa. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko a sa sunan uba a gurbin na ɗa, ƙaramin abu ne ranar rajista, amma shi ke riƙe takardar shaida bayan an gama.

A NOUN, alal misali, biyan kuɗi ta Remita, wato hanyar biyan kuɗi ta intanet, ba shi ne rajista ba. Kuɗin yana shiga asusun ɗalibi ne a shafinsa, daga nan sai ya yi rajistar zango, ya yi ta kwasa-kwasai, sannan ya yi ta jarrabawa, kowace daban. Akwai masu tsayawa a ta biyu, su yi wata uku suna karatu, ranar jarrabawa a nemi sunansu a rasa. A buga takardar kowane mataki a riƙe.

Sannan ga aikin jinga da ake kira TMA, wanda ke ɗauke da maki 30 cikin 100, jarrabawa kuma 70. An sa shi ne don ya tilasta wa mutum buɗe littafi tun zango yana ɗanye. Amma yanzu ya zama kasuwa: akwai zaurukan WhatsApp da ake sayar da amsoshi, har da masu karɓar lambar sirrin ɗalibi su yi masa gaba ɗaya. Mai saye yana ganin ya samu 28 ko 30 ya yi murna, ranar jarrabawa kuma ya zauna gaban tambayoyin da bai taɓa cin karo da su ba, ba waya ba mai taimako. Irin wannan ne za ka ga makin jinga ya cika, na jarrabawa bai kai 10 ba. Ga haɗarin miƙa shafinka ga wanda ba ka taɓa gani ba, da hotonka da bayananka duka a ciki.

Maganin wannan lissafi ne tun makon farko. A ce mutum ya ɗauki kwas takwas, kowane littafi yana da darasi 15. Darasi 120 ke nan. In makonnin karatu 12 ne kafin jarrabawa, darasi goma ne a mako, kowane kuma yana son awa ɗaya da rabi in za a karanta a amsa tambayoyin ƙarshensa. Awa 15 a mako, wato awa biyu da 'yan mintoci kullum, har Juma'a da Lahadi. Wanda aikinsa da iyalinsa ba za su ba shi wannan ba, ya rage kwasa-kwasan zuwa iyakar abin da dokar makaranta ta yarda. Gara a ƙara zango ɗaya a kan a tara kwasan da aka faɗi. Lokacin da ya fi albarka ga yawancin masu aiki shi ne bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, waya cike da caji, a kashe data don kada saƙonni su ja hankali. Ga matan aure, maigida ya san da wannan awa biyun ya kuma kare ta, domin wadda ake kira kowane minti goma ba karatu take yi ba.

Kaɗaici ma yana kashe gwiwa fiye da yadda ake zato. A makarantar zaure kowa da littafinsa da inda ya tsaya, amma ana zama tare, ana jin karatun juna, in ka yi fashi malam zai tambaya. Mai karatu daga nesa ba wanda zai tambaye shi. Shi ya sa muke ba da shawarar mutum huɗu zuwa shida masu kwas ɗaya su riƙa haɗuwa ido da ido sau ɗaya a mako, a masallacin unguwa bayan la'asar ko a ajin firamare ranar Asabar, mata a gidan ɗaya daga cikinsu. Kowa a ba shi darasin da zai yi wa saura bayani. Mutum ɗaya ya sauke littattafai da sautuka inda sabis ke da kyau, ya raba wa sauran ta Xender ko Bluetooth ba tare da an ƙara kashe ko kwabo ba. In taron ya wuce shida, hira yake komawa.

Wani abin da ake mantawa shi ne kwamfuta kanta. Ɗaliban shekarar farko da ta biyu a NOUN a kwamfuta suke jarrabawa, kamar yadda JAMB take yi tun 2015. Wanda duk rayuwarsa allon waya yake shafawa, in ya zauna gaban madannai sai ka ga hannunsa na rawa, yana neman harafi ɗaya-ɗaya, lokaci na tafiya, wani ma ya danna miƙawa bai gama ba. Awa ɗaya a mako na wata guda a kan kwamfutar aro ta isa ta kawar da wannan.

Kafin a biya ko sisi kuma, a tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da jami'ar, ta kuma amince mata ta koyar da wannan kwas ɗin daga nesa, domin izinin biyu ne daban. Tallan digiri cikin wata shida da ke yawo a Facebook tarko ne. Mun ga yadda a watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. Duk kwas ɗin da ke buƙatar aikin hannu, irin jinya ko koyarwa, a tambayi inda za a yi horon a aikace da wanda zai sa ido, kafin a shiga.

Roƙonmu ga gwamnonin Arewa da shugabannin ƙananan hukumomi ba mai tsada ba ne. Ɗalibin da ke ƙauye yakan yi tafiyar awa biyu ko uku zuwa babban birnin jiha don jarrabawar awa ɗaya, ya kwana a tasha ko gidan dangi, a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. A ware ɗaki ɗaya a sakandaren gwamnati ta hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, a sa ƙananan kwamfutoci 20. Kowace ba ta cin fiye da wat 65, jimla wat 1,300, abin da sola matsakaiciya za ta ɗauka har da fankoki da na'urar intanet. A sa wurin cajin waya, da injin buga takarda, da ma'aikaci ɗaya da ya san aikin, a buɗe da yamma da ranakun Asabar da Lahadi, a keɓe wa mata nasu ranakun. Sannan a nemi NOUN da NTI su duba wurin su amince a riƙa zana jarrabawa a cikinsa. Da safe kuma 'yan ajin ƙarshe na makarantar su koyi kwamfuta a ciki kafin JAMB.

Mun gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu malamai masu koyar da ɗaliban karatu daga nesa,
Kaduna.