Zuwa ga Babana da ke Alƙahira

Assalamu alaikum Babana, mai sunan Malam. Ya karatu, ya sanyin Masar, ance yanzu ne lokacinsa. Mu nan Garwa lafiya lau sai hazo da ƙura, Binuwai ta ja baya har yara na buga ƙwallo a kan yashi. Innarka na gaishe ka, ƙafar da sauƙi alhamdulillahi.

Rubutu na zaɓa in yi maka ba vokal, saƙon murya, ba, don in na buɗe baki raina zai hau in faɗi abin da ba shi na yi niyya ba, kuma so nake ka karanta ka ajiye ka sake karantawa.

Alhajin nan da ya kai iyalinsa asibiti can ya dawo, ka san wanda nake nufi. Ranar Juma'a ana saukowa daga masallaci ya riƙe hannuna a gaban jama'a yana ta sa maka albarka, wai ɗanka ya fi Misirawa sanin Alƙahira, wai kai ka ɗauko su tun daga Babul Futuh ka ratsa da su titin Mu'izz a ƙafa har Babu Zuwaila kana nuna wannan kana nuna wancan, wane sarki ya gina, a wace shekara, ka shigar da su Khanul Khalili ka yi musu cinikin turare da jallabiyoyi har ɗan kasuwa ya riƙe kai. Yace ai da ɗan gari kan ci gari, duk wanda ya sauka daga Kamaru ko Cadi ko Najeriya yanzu lambarka ake ba shi. Yace ya damƙa maka ɗan hasafi da dalar Amurka ka noƙe, daga baya ka karɓa. Mutane na ta masha Allah, ni ma bakina na masha Allah. Sai na tambaye shi wace rana kuka yi wannan yawon, yace Talata, tun hantsi har bayan la'asar.

Talata Babana. Ranar karatu.

Wallahi abincin ranar nan ban iya ci ba. Da dare na sa auta ta buɗe min bidiyoyin da kake sawa a TikTok, ashe duk gidan sun sani ni kaɗai ake ɓoye wa, har Innarka. Na zauna na kalle su tas. Gaskiya ka iya, wannan kam ba zan ɓoye maka ba. Inda ka tsaya a ginin Sarki Ƙalawun kana bayanin asibitin da aka kammala a 1285 ana duba talaka da mai kuɗi ba a karɓar ko sisi, da inda ka hau hasumiyar da ke kan Babu Zuwaila kana haki kana cewa a ƙofar nan Turkawa suka rataye Sarki Tuman Bay a 1517 mulkin Mamluk ya ƙare, sai da na maimaita su. Hausarka ta fita, Larabcin ma ya zauna a bakinka. Uban da zai ga haka bai ji daɗi ba ƙarya yake. Amma ina kallo gabana na faɗuwa, don ni na taɓa ganin ƙarshen wannan hanyar da idona.

Ka tuna shekarar da na kai Hajiya aikin ido, kana ƙarami. Da aka yi aikin ta samu sauƙi sai masu masauki suka haɗa ni da wani bawan Allah ɗan wajen Marwa wai ya zagaya da ni gari. Titin nan naka muka bi, bai fi kilomita ɗaya ba amma sai da ya cinye mana yini. Mutumin nan ba dutsen da bai sani ba. Shi ya fara gaya min an kafa birnin a 969, aka fara sallah a Azhar a 972, ya nuna min masallacin Hakim daf da ƙofar arewa, ya nuna min tagogin ƙarfe na sabil inda ake shayar da masu wucewa ruwa sadaka, a samansu kuma ɗakin da yara ke karatun allo, ya kai ni rumfar masu ɗinkin tanti bayan Babu Zuwaila inda tsofaffi ke zaune da allura suna liƙa yadi kan yadi. Ina biye da shi ina kallon takalminsa, dunduniya ta cinye ta gefe guda, gemunsa ya fara furfura, yana riƙe da wata leda da takardu a naɗe ciki ya matse ta a hammata ko sallah zai yi tana gabansa. Da muka doshi filin masallacin Husaini ya hango 'yan sanda a tsaye sai ya ja hannuna cikin wani lungu yace mu bi ta nan ya fi inuwa. Ni ban gane ba a lokacin. Sai da muka zauna cin koshari na matsa masa da tambaya yace min iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu da daɗewa. Karatu ya zo yi a Azhar tun ba a haife ka ba. Baƙo ɗaya ya fara rakawa don Allah, na biyu ya ba shi na shayi, na uku ya ba da lambarsa ga na huɗu, darasi ya fara wucewa, jarrabawa ta zo ya faɗi, ya maimaita ya sake faɗi, makaranta ta daina ba shi takardar da ake sabunta iƙama da ita. Mahaifiyarsa ta rasu yana can bai zo ba, ga tarar da ta taru masa, ga kunyar dawowa hannu rabbana ba shahada. Yana tambayata wai har yanzu itatuwan dalbejiya na nan a titunan Marwa. Na ba shi abin da na ba shi, ya karɓa da hannu biyu yana sunkuyar da kai, mutumin da ya girme ni a ilimi nesa ba kusa ba. Kamar ɗan moto ne, ya san kowane lungu na gari amma ba shi da gida a ko ɗaya.

To shi nake gani in na kalli bidiyonka. Fuskarka nake gani da ledar nan a hammata.

Kada ka ce min Allah ya ce ku yi tafiya a cikin ƙasa ku duba, na riga ka sanin ayar. Kuma kada ka ce min tarihi ma ilimi ne, na yarda ilimi ne, amma ba shi aka rubuta a takardar da na sa wa hannu ba, Shari'a aka rubuta. Kai da kake son tarihi ai ka fi ni sanin mutanen Kanem sun gina makaranta a Masar tun ƙarni na 13 don ɗalibansu da alhazansu, ka san an yi ruwaƙin Barnawa, wato masaukin ɗalibai 'yan Borno, a cikin Azhar, ka san Malam Muhammadu al-Kashnawi Bakatsine a Alƙahira ya zauna yana karantarwa yana rubuta littattafai har ya rasu can a 1741. Waɗannan Sahara suka ratso a kan raƙumi wata da watanni, da suka isa zama suka yi gaban malamai. Kai jirgi ya ɗauke ka ya dire ka cikin awoyi sai ka ɓuge da riƙe wa Alhazai leda a kasuwa? Haba Babana. Filin Pitowa na sayar don wannan? Ka manta abin da Baffanninka suka ce min a zauren Malam ranar da na yanke shawarar, da yadda na haɗiye ban tanka ba? Yayarka ta haƙura da nata aka tura ka, ba ta taɓa ɗaga maganar ba ko sau ɗaya. Na Kawunka na Jidda kuwa ba sai na faɗa ba, ka ga yadda Goggo ta ƙare tana kallon ƙofa. Ni ba zan binne Innarka tana kallon ƙofa ba, ka ji na gaya maka.

Kuma abin ma ba halal ba ne a dokarsu, aikin jagorancin baƙi a Masar sai da lasisi kuma 'yan ƙasa ake ba, akwai 'yan sanda na musamman a irin wuraren nan. Kai kuma da kanka kake ɗaukar shaida kana sawa a intanet duniya na gani. Ranar da wani mai lasisi ya ji haushinka ya nuna ka, Alhazan da ke yabonka suna gida suna shan fura, ambasad ma sai an sha wuya kafin su ɗaga waya.

In kuɗi ne ba sa isa ka faɗa min ni, ba baƙi ba. Na san tun da fam ɗin Masar ya faɗi a 2024 komai ya yi tsada can, na san abin da nake turawa ba yawa ne da shi ba, kasuwar ma sai a hankali, amma ban taɓa barin wata ya wuce ba, kai shaida ne. Zan ƙara. Ko da zan rage wani abu a gida zan ƙara, ba sai ka san mene ne ba.

Ban hana ka yawo ba fa, kada ka je ka ce Baba ya kulle ni. Ƙafarka ce, garin kuma ya cancanci a taka shi. Ranar Juma'a taka ce, hutu naka ne. Ka je masallacin Ibn Ɗulun na 879 ka hau hasumiyar nan mai matakala ta waje, ni gwiwa ta hana ni kaiwa sama, ka hau ka ɗauko min hoton garin. Ka je kabarin Imamu Shafi'i ka yi masa addu'a, mu Malikawa ne amma malami malami ne. Shagunan littattafai na bayan Azhar kuwa ko kullum ka shiga ba ni da magana. Ka riƙa fita da kwafin fasfo da katin makaranta a aljihu, katin ma yana rage maka kuɗin tikiti. In mara lafiya ya zo daga gida ba shi da mai yi masa tafinta a gaban likita ka taimaka bayan an tashi darasi, wannan lada ne, kada ka karɓi ko kwabo. Amma masu son a kai su Khanul Khalili su sayi turare ka ce musu Baba ya hana. Ka ɗora min laifin, na saba ɗauka. Shi Alhajin ma zan same shi in roƙe shi ya daina raba lambarka.

Innarka ta haɗa maka kilishi da yaji da kuka, akwai mai tafiya ƙarshen wata za a ba shi. Tace in gaya maka ka rame a bidiyon, kuma rigar sanyin nan ba ta da kauri ka sayi wata. Ta yi kuka da na karanta mata wannan tace na yi zafi da yawa, na ce ta bari haka nan zan tura.

Ranar Lahadi bayan isha'inmu zan kira, ku kuna gaba da awa ɗaya, kada ka yi barci. Kafin nan ka ɗauko min hoton shafin iƙamarka inda ranar ƙarewa take, da sakamakon jarrabawar da ta wuce, duka biyun, kada ka turo ɗaya ka ce ɗayan sai an jima.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai.

Mahaifinka