Zuwa ga aminina, a kan maganar hedimasta

Tudun Wada, Kaduna.

Assalamu alaikum.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya baƙunta, yaya karatu? Mu nan alhamdulillahi.

Saƙonka ya iso. Na ga ka tsayar da shawarar rubuta kundin digirin digirgir a kan shugabanci a makarantu, kana kuma neman ra'ayina. To, ka san ba na yi maka rufa-rufa.

Abin da masana suka gano a can ba na musa shi. Kenneth Leithwood da abokan aikinsa sun nuna a 2004 cewa cikin duk abin da ke gudana a makaranta, in ka cire koyarwar aji, babu abin da ya kai shugabanci tasiri ga karatun yara. A 2008 kuma Viviane Robinson ta Jami'ar Auckland da abokanta suka tattara binciken da aka yi a baya, suka ga shugaban da ya sa ido kan koyarwa kanta ya ninka wanda ya dogara da zaburar da ma'aikata tasiri sau uku zuwa huɗu. Mafi ƙarfi duka shi ne shugaban da idan ana horar da malamai zai ja kujera ya zauna a cikinsu, ya koya tare da su. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don na gani da idona.

Sai dai fa duk waɗannan sun ginu ne a kan cewa shugaban yana da ta cewa. Namu hedimastan ba shi ya ɗauki malami ba, ba shi ke biyansa ba, kuma ranar da za a ɗauke malamin takarda kawai zai gani. Yawanci ma daɗewa a aiki ce ta ba shi kujerar, ba wani horo ba.

Akwai wata Hajiya da ke riƙe da firamare a bayan layinmu. Na je wajenta neman gurbi wa ɗan ƙanwata, na tarar da teburinta cike da rajista da fom-fom da ake jira daga ofis kafin azahar. Wata uwa na tsaye a bakin ƙofa an fasa wa ɗanta kai, maigadi na cewa awaki sun sake shigowa ta inda katanga ta rushe, ga 'yan aji huɗu ba malami tun da aka yi masa canjin wurin aiki a tsakiyar zango. Ka san me ta yi? Ta tura fom ɗin gefe, ta ɗauki alli ta shiga ajin da kanta. Katangar kuwa, ba wasiƙa ta rubuta ba. Wajen mai unguwa ta je, shi ya yi wa liman magana, aka sanar bayan sallar Juma'a, magina biyu cikin iyayen yara suka ɗaga ta kyauta. Ka faɗa mini, a wace takardar tambayoyi za ka kamo wannan?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan da yawancin kundayen da nake gani. A raba wa malamai takarda, su zaɓi "na yarda sosai" ko "ban yarda ba", sau da yawa ma hedimastan ne zai tattara ya miƙa. Wane malami ne zai rubuta cewa maigidansa bai iya ba? A zuba a kwamfuta, a fito da lissafi, a ce akwai alaƙa tsakanin salon shugabanci da ƙwazon malamai. Kundi ya tafi kanta ya sha ƙura.

Alhali Kaduna cike take da tambayoyi. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 ba su ci ba, aka sallame su aka ɗauki sababbi. Mu ajiye gardamar daidai ne ko ba daidai ba, an sha ta. Shi hedimastan da ya wayi gari rabin malamansa baƙi ne, wasu ba su taɓa riƙe alli ba, yaya ya yi? Ga kuma shirin inganta ilimi na ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2017, Kaduna na cikin jihohi shida da ya yi aiki. An koya wa shugabanni shiga aji su duba darasi, an farfaɗo da kwamitocin SBMC, wato na iyaye da mutanen unguwa masu kula da makaranta. Da kuɗin suka ƙare, me ya saura? Tun 1976 Karl Weick ya ce sassan makaranta ɗaurin talala aka yi musu: umarni ya fito daga sama, amma malami na rufe ƙofar aji sai abin da ya ga dama. Ka gwada wannan magana a Rigasa ko Kawo ka ga ko ta tsaya.

Shawarata, ka roƙi malamin da ke duba aikinka ya bar ka ka dawo gida zango guda cur. Ka zaɓi makarantu uku ko huɗu, ɗaya a cikin gari, ɗaya a ƙauye, ɗaya ta 'ya'yan makiyaya tunda hedikwatar hukumarsu na nan Kaduna. Ka zauna tun daga asambuli har a tashi. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, na nan kan hanyar Zariya in kana son ganin yadda ake horo, Gidan Arewa kuma in tarihi ya ja ka.

Ɗakin zaure babu kowa, na sa an gyara silin. Ka dai sanar da ni da wuri in nema maka takardar izinin shiga makarantu, don ita ce ke cin lokaci. Ka gaida uwargida, Inna ma tana gaishe ku, ta ce a tambaye ka ko yaran na jin Hausa har yanzu.

Wassalam,
naka amini.