Wa ke koyar da ɗan orka, mai usur ko uwarsa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya, na rubuto ne game da shirinku na kimiyya na makon jiya, wanda kuka yi a kan orka, babbar dabbar tekun nan mai launin baƙi da fari, 'yar dangin dolfin, da ake sa ta wasa a gidajen kallo na Amurka da Turai da Asiya. Shirin ya ƙayatar, sai dai akwai inda ban gamsu ba. An nuna kamar ɗan orka yana zuwa duniya ne kansa fayau, sai mai horo ya zuba masa dabara. A nawa ganin mai horo aro yake yi. Baiwar kwaikwayon da yake amfani da ita, Allah Ya yi wa dabbar ita ne domin ta koyi rayuwa a wajen uwarta da danginta.

A ba mai haƙƙi haƙƙinsa, horon ba na duka ba ne. Wa zai ɗaga bulala ga dabbar da ake haifa da nauyin kilo kusan 180, wadda namijinta idan ya girma yakan kai tan biyar ko shida? Da lada ake yi, bisa tsarin da masanin halayya B. F. Skinner ya shimfiɗa a Amurka. Abu na farko da ɗan ke koya shi ne ma'anar usur. A busa a ba shi kifi, a sake busawa a ba shi kifi, har ya gane wannan ƙarar tana nufin ya yi daidai kuma ladansa na tafe. Amfanin usur yana ga lokaci, domin idan dabba ta yi tsalle a tsakiyar tafki ba yadda za a sa mata kifi a baki a daidai wannan daƙiƙar, amma ƙara tana isa nan take. Daga nan sai a koya masa taɓa tafin hannun mai horo da bakinsa, sannan a musanya hannun da doguwar sanda mai ƙwallo a kai. Da zarar ya saba bin ƙwallon, an samu linzami. Yau a ɗaga shi kaɗan sama da ruwa, gobe a ƙara, har a wayi gari yana fita daga ruwa gaba ɗaya don ya taɓo shi. A ƙarshe a janye sandar a bar alamar hannu kawai, ita ce 'yan kallo ke gani su yi ta tafi.

Idan ya kuskure, mai horo yakan tsaya cak na kamar daƙiƙa uku, ba usur ba kifi, sannan a ci gaba. Ladan ma ana sauya shi don kada ya gundura: wani lokaci kifi, wani lokaci ƙanƙara, ko a sosa masa jiki, ko a jefa masa abin wasa. Kuma ba duk abin da ake koya masa ne na burge jama'a ba. Ana koya masa ya miƙa wutsiya a ɗebi jini, ya buɗe baki a duba haƙora, ya sulalo ya hau sikeli a auna shi. Wannan ɓangaren ni ma na yaba, don ya fi a ɗaure dabba ko a yi mata allurar barci duk lokacin da likita zai duba ta.

To amma kafin ɗan ya san usur, wa yake kallo? Uwarsa, wadda ta ɗauki cikinsa wata 17 ko kusa da haka. Yana manne da gefenta tun ranar haihuwa, har wani bincike da aka yi a San Diego ya nuna a watan farko uwa da ɗa kusan ba sa barci, iyo kawai suke yi tare. Idan mai horo ya yi mata alama ta yi tsalle, shi ma sai ya gwada nasa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sau da yawa aikin mai horo bai wuce ya jira ɗan ya kwaikwayi uwar, ya busa usur, ya liƙa wa abin alamar hannu ba.

An gwada wannan baiwar kwaikwayo a gidan kallon Marineland na garin Antibes a Faransa. Masu bincike sun koya wa orkoki wata alama mai nufin "yi abin da ɗan'uwanka ya yi", kuma suka riƙa kwaikwayon motsin da ba a taɓa koya musu ba. A 2018 aka buga sakamakon gwaji na biyu a kan wata mace mai suna Wikie, wadda ta kwaikwayi sautukan ɗanta Moana, ta kuma kwaikwayi gaisuwa da ƙirga na bakin mutum, ta hanyar ramin numfashin da ke bisa kanta. Jaridu sun yi ta cewa orka ta yi magana. Ba ta yi ba, kuma masu binciken da kansu ba su ce ta san ma'anar abin da take furtawa ba. Abin da aka tabbatar shi ne takan ji sabon sauti ta maimaita shi.

Labarin da ya fi ba ni dariya na wani Marineland ɗin ne, na Ontario a Kanada, wanda wani malamin jami'a, Michael Noonan, ya bayar a 2005. Wani ɗan orka mai shekara 4 ya ƙirƙiro tarkonsa. Sai ya tofar da kifi a saman ruwa, ya nutse ya laɓe, tsuntsun teku na sauka ya ɗauka sai ya taso ya cafke shi. Bayan 'yan watanni ƙanensa ya ɗauka, daga baya manyan ma suka shiga. Ba mai horon da ya busa usur a kan wannan, kuma ba na jin masu gidan sun so 'yan kallo su ga ana cin tsuntsu a gabansu.

Yanzu a dubi abin da wannan baiwar ke yi a teku. A gaɓar Punta Norte ta Ajantina da tsibiran Crozet na kudancin tekun Indiya, orka takan jefa kanta kan yashi da gangan ta damƙo ɗan sil, wata dabbar teku mai hawowa gaɓa, sannan ta murgino ta koma ruwa. Kuskure kaɗan, ta maƙale ta mutu. A Crozet an ga iyaye mata suna raka 'ya'yansu gaɓa suna gwaji tare, suna tura su su koma ruwa, kuma sai ɗan ya kai shekara 5 ko 6 kafin ya fara kamawa da kansa. A Antatika sukan jera su tayar da igiyar ruwa ta wanke sil daga kan ƙanƙara. A gaɓar yammacin Kanada da jihar Washington ta Amurka, akwai dangin da 'ya'yansu, maza da mata, ba sa rabuwa da uwa har mutuwa, kowane gida da irin kiransa, kuma an lura a shekarar da kifin salmon ya yi ƙaranci tsofaffin mata da suka daina haihuwa ne ke shiga gaba. Duk wannan karatu ne na shekaru, kuma babu darasi ɗaya daga ciki da za a iya bayarwa a tafkin siminti.

Shirinku bai taɓo wannan ba, kuma nan ne ciwon yake. Kalina, wadda aka haifa a gidan kallon SeaWorld na Orlando a Amurka a 1985, ita ce ta farko da aka haifa a tsare ta rayu. Tana shekara 4 aka raba ta da uwarta Katina aka kai ta wani reshe. Kohana kuwa ba ta cika shekara 4 ba aka ɗauke ta daga uwarta a 2006 zuwa gidan kallon Loro Parque a tsibirin Tenerife na Sifaniya, inda babu babbar mace ko ɗaya. Ta haihu a 2010 tana shekara 8, alhali a teku sukan fara haihuwa ne bayan sun haura goma da 'yan kai, kuma ta ƙi ɗan, sai ma'aikata ne suka rene shi da bulumboti. Ta sake haihuwa a 2012, ta sake ƙi. Ta iya duk abin da aka koya mata da usur, amma reno ba ya cikin manhajar. Keiko, orkan da ya fito a fim ɗin Free Willy na 1993, da aka mayar da shi tekun Aisland a 1998 don a sake shi, sai da aka koya masa kama kifi mai rai. Ya yi iyo har Norway, amma bai shiga wani dangi ba, mutane ya riƙa nema har ya mutu a 2003.

Kuma maganar lada zalla tana da kyau a takarda, amma bokitin kifin a hannun mai horo yake. Tsofaffin ma'aikatan gidan kallon Sealand na Kanada sun ba da shaidar cewa a can an riƙa hana abinci idan wani ƙaramin orka ya kuskure, har manyan matan su huce a jikinsa da haƙora. Ƙaramin nan shi ne Tilikum, wanda aka kamo a tekun Aisland a 1983 yana kimanin shekara 2, kuma shi ne ya kashe mai horo Dawn Brancheau a Orlando a 2010. Bayan haka hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta hana masu horo na SeaWorld shiga ruwa da orkoki a lokacin wasa, SeaWorld ya daina haifar da su a 2016, Kanada ta yi dokar hana tsare su a 2019, Faransa a 2021.

Roƙona shi ne ku sake waiwayar batun, ku gayyato likitan dabbobi ko masanin halittun ruwa ya yi bayanin abin da ke faruwa da ɗan da aka raba da uwarsa. Ku kuma binciko mana halin da Wikie da ɗanta Keijo ke ciki, domin an rufe gidan Antibes a Janairun 2025 suna ciki, aka kuma yi ta jayayya a kan inda za a kai su.

Allah Ya ƙara basira. Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Zariya