Kada ka sauka Hawan Kibo da wannan birkin

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Jos? Allah ya sanya alheri a motar, ya sa ta arziki ce.

Tun da na ga saƙonka hankalina bai kwanta ba. Ka ce sai ka taka birki har kusan ƙasa kafin ya kama, kuma kana shirin zuwa Abuja ranar Juma'a. Don Allah ka dakata. Kai ma ka san gangaren Hawan Kibo, ka san motocin da suka ƙwace a wurin.

Kafin ka je gareji, ka gwada da kanka. Ka tayar da mota tana tsaye, ka taka birkin sau uku da sauri. In ya yi tauri, to galibi iska ce ta shiga layin man birki, ko kuma, in Corolla ɗin taka mai durom ce a baya, shu ɗin, wato abin da ke matse durom ɗin daga ciki, ya yi nisa yana son saiti. Sannan ka danne shi, ka riƙe kamar rabin minti. In ka ji ƙafarka na nutsewa a hankali, kuma ba ka ga mai na zuba ba, robobin cikin masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, su ne suka gaji, man yana zagayawa a ciki. Haka tawa ta yi shekaru biyu da suka wuce. Wani bakanike ya sa na sayi fad gaba ɗaya, laushin yana nan, sai da na canja masta a Ƙofar Ruwa na samu lafiya. Har yau ina jin zafin kuɗin.

Ka buɗe bonet ka duba kwalbar man birki. In ya yi ƙasa, kada ka cika ka tafi, ka nemo inda yake bi: bayan kowace taya, ko akwai jiƙa, da tiyon roba, ko ya tsage ko yana kumbura in an taka.

Amma abin da ya fi damuna shi ne man kansa. Motar da ta zo ta Kwatano ta sha zama a tashar jirgin ruwa, kuma ba wanda zai gaya maka yaushe aka canja shi. Man birki yana tsotsar danshi. Nau'insa da ake kira DOT 3, in sabo ne, ba ya tafasa sai ya kai 205 a ma'aunin Selsiyos, amma in ya sha ruwa a 140 yana iya tafasa. A cikin gari ba za ka lura ba. Sai a gangare mai tsawo, ƙafa kan birki, ƙarfe ya ɗauki zafi, man ya koma tururi, ka taka ka ji fanko. In ka ga ya yi baƙi kamar shayi, a zubar da shi duka, a sa irin wanda aka rubuta a murfin, daga gwangwanin da aka buɗe a gabanka. Kada ka yarda a ɗiga man inji ko na giya a ciki, yana kumbura robobi.

Wajen fitar da iska ka tsaya a kansu. Mutum biyu ne, ɗaya na takawa, ɗaya na kwance ɗan kusar fitar da iska da ke bayan taya, a fara da tayar da ta fi nisa da masta, kuma kada kwalbar ta ƙafe ana cikin aikin. Yaran gareji kan yi taya biyu su ce an gama. A yi huɗun.

Ko an gyara, ka sauko da ƙaramin giya, injin ya riƙe maka motar. In bai yiwu kafin Juma'a ba, ka shiga ta haya.

Ka kira ni bayan gwajin, ka gaya mini yadda fedar ta yi. Ka gaishe da Hajiya da yara, uwargida ma tana gaishe su.

Naka har kullum,
amininka na Kano